Kashi Ɗaya Cikin Uku na Ƙafar Kawu

Na Allah ne mu, kuma gare Shi makoma take. Ranar Talata da hantsi Kawu ya cika a gadon asibiti a nan Kuala Lumpur, garin da ya zo neman magani da niyyar wata uku, har ya shekara uku bai koma gida ba. Yayan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni tun ina 'yar shekara shida, bayan rasuwar mahaifina. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kama sunana ba. Uwata yake ce mini.

Kafin azahar gidanmu da ke hawa na tara a unguwar Pantai Dalam ya cika. Takalma suka taru daga bakin ƙofa har gaban lif. Yawanci ɗalibai ne 'yan'uwanmu 'yan Arewa, wasu daga jami'a suka wuto da jakunkunansu a kafaɗa. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Ashe Saje lokaci ya yi." Da Saje suka san shi, muƙaminsa na soja.

Maƙwabcinmu, wani dattijo ɗan ƙasar da muke kira Pakcik, wato baffa a harshensu, shi ya tsaya kan wanka da likkafani da takardar izinin binnewa, ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Shi da Kawu ba sa jin yaren juna. Amma kullum bayan sallar asuba sai sun zauna a benci ɗaya a ƙasan bene, kowa da carbinsa, har gari ya waye sosai.

Wani Ba'indiye ma ya zo daga unguwar Brickfields, mai gyaran takalma da jaka, wanda yake ɗinke wa Kawu maɗaurin ƙafarsa ta roba idan ya tsinke. Ya ƙi shigowa, ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce wa maigidana, "Bai taɓa bari na durƙusa na cire masa ita ba. Da kansa yake kwancewa, ya miƙo mini da hannu biyu." Ya faɗi haka ya juya ya tafi.

Ni kuwa ina ɗaki ina neman yadda zan gaya wa Umma. Da ta ɗauki waya na faɗa mata. Sai ta ce, "An biya shi?"

Na ce, "A'a, Umma."

Ta ce, "To." Sannan ta fashe da kuka.

Wanda bai san gidanmu ba zai yi mamakin wannan tambaya a bakin mace da aka gaya wa mutuwar yayanta. Mu ba mu yi ba. Da ita muka tashi, da ita muka girma.

Kawu direba ne a soja. An tura su aikin kwantar da rikici a wata ƙasa, yana tuƙa babbar motar da ke kai wa sojoji ruwa da abinci. Wata rana babbansu ya ce da baki su yanke ta wata hanya da ba a share ba. Motar ta taka nakiya. Kawu ya rasa ƙafarsa ta hagu daga ƙasan gwiwa, kunnensa na hagu ya mutu. Abokinsa da ke zaune gefensa, wani kofur, ya rasa idanunsa duka biyu. Amma wanda ya rubuta rahoto sai ya rubuta cewa haɗarin mota ne, direba ya saki hanya. Da wannan layi ɗaya aka sallami Kawu da fansho irin na kowa, aka hana shi kuɗin nakasa da ake ba wanda ya ji rauni a bakin aiki.

Ya dawo Kano ya kama gadi a wani sito. Da kuɗin gadin nan ya yi mini makaranta tare da 'ya'yansa, bai taɓa bambanta mu ko a takalmin Sallah ba. Mutum ne mai tsari har abin ya kan ba mu haushi. Bargonsa sai ya ninke shi kusurwa huɗu daidai. Takalminsa kuwa kullum sai ya goge su duka biyu, na ƙafar Allah da na ƙafar roba, kuma na robar ya fi shan man. In ka yi masa magana ta hagu sai ya ce, "Zagayo ta dama, wannan kunnen na gwamnati ne, ba ya jin talaka."

Ina aji uku a sakandare ya ɗauki lauyansa na farko. Fili gare shi guda ɗaya a bayan gari, ya sayar ya biya kuɗin aiki gaba ɗaya tun kafin a rubuta komai. Bayan haka duk zaman kotu sai ya ba da kuɗin mai, ko an zauna ko an ɗage. Shekara uku ana haka. Ranar ƙarshe ya tafi da kaftaninsa mai guga, ya dawo da azahar. An kori ƙarar, wai ba kotun da ta dace aka kai ta ba. Ko maganar nakiya ba a kai ga yi ba. Ya zauna a tabarma ya kwance ƙafar ya jingine ta da bango, bai ce a kawo abinci ba. Da na kawo masa ruwa ya dube ni ya ce, "Uwata, ki yi karatun lauya. Ina so in sami wanda zai gaya mini abin da suke faɗa da Turanci lokacin da suke cinye mutum."

Na yi karatun lauya. Amma da aka zo neman tallafin ƙaro ilimi, a fannin dokokin bankin Musulunci aka samu, shi na bi, shi ya kawo ni ƙasar nan da maigidana. Da ciwon suga ya matsa wa Kawu, dungun ƙafar ya fara ruwa, sai muka haɗa hannu da babban ɗansa muka kawo shi.

Garin ya ba shi dariya da farko. Ya ce mutanen nan har a miya sukari suke sawa. Kalma ɗaya ya riƙe cikin yarensu, boleh, wato zai yiwu, kuma da ita yake amsa komai, har gaisuwa. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne jirgin ƙasan da ke bi ta saman gari ba direba. Sai ya shige can gaba inda direba ya kamata ya zauna, ya riƙe ƙarfe yana kallon layin dogo. Wata rana ya juyo ya ce mini, "To wannan in ya yi haɗari, wa za su rubuta wa laifi?"

Faɗan da muka yi, wata Asabar ce da safe, a shagon shayi na Indiyawa Musulmi da ake kira mamak, a ƙasan gidanmu. Na daɗe ina bincike, har na samo wani lauya a gida wanda aikinsa ke nan, ɗaukaka ƙarar tsofaffin sojoji da aka hana kuɗin nakasa. Na jira Kawu ya sha rabin shayinsa, sannan na ce, "Kawu, na samo maka lauya. Ba zai karɓi ladan aikinsa yanzu ba, ko kwabo."

Ya ce, "To don Allah zai yi?"

Na ce, "In an yi nasara, aka biya ka kuɗin shekarun da suka wuce, zai ɗauki kashi ɗaya cikin uku. In an faɗi, shi ya yi wahalar banza."

Ya ajiye kofin, ya juyo mini kunnen dama. "Sake faɗa."

Na sake faɗa. Sai ya sunkuya ya ɗage ƙafar wandonsa a gaban mutane, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya ƙwanƙwasa robar da yatsa.

"Daga ina zai fara yanka, Barista? Daga gwiwa ko daga idon sawu? Ki tambaye shi, don in san wajen da zan ajiye masa."

In ya ce mini Barista, to ransa ya ɓaci. Da na san hali da na yi shiru. Amma na ga gaskiya a wajena take. Na ce masa mutumin nan yana da ofis da ma'aikata, zai yi ta zirga-zirga shekara da shekaru, kuma ba duk ƙarar da ya ɗauka yake ci ba, wadda ya ci ita ke ɗaukar nauyin waɗanda ya faɗi. Na ce kashi biyu a hannu ya fi uku a takarda.

Ya ce, "Kuɗin nan ba ribar kasuwa ba ce da za a yi kashe mu raba. Jinina ne. Mutumin da bai ji ƙarar fashewar nan ba, bai kwana yana neman ƙafarsa a gado ba, da wane hannu zai karɓa?" Sannan ya ce, "Ke fa? Me na kai ki makaranta ki yi?"

Na yi ta bayani. Ba fannina ba ne, ina tsakiyar bincike, in na bar ƙasar nan tallafin zai tsaya. Duk gaskiya ne. Amma kallon da yake mini ya sa na ji kamar ƙarya nake yi, sai zuciya ta ɗebe ni na ce, "Kawu, yanzu kam ba lauya ne ya hana ka haƙƙinka ba, taurin kanka ne."

Ya laluba aljihu ya biya kuɗin shayinsa shi kaɗai, ya ɗauki sandarsa ya tafi. Kwana huɗu bai ci abincin gidana ba. Sai ya sauka da kansa ya sayo a shago, a ƙunso masa a leda, ya ci a ɗakinsa. Maigidana ya je ya durƙusa ya ce, "Baba, a yi haƙuri, yarinya ce." Ya ce ba komai. Ni ma na je na ba da haƙuri, ya ce ba komai. Sai a rana ta biyar, ina wanke-wanke, na ji muryarsa daga falo: "Uwata, miyar nan gishiri ya yi kaɗan." A nan na san ya ci, ya kuma huce. Amma takardar yarjejeniyar da lauyan ya aiko tana nan inda na ajiye masa, bai sa hannu ba.

Watanni bayan haka aka haɗa kuɗin sabuwar ƙafa. Tsohuwar ta sassauce, tana gurje masa dungun. Babban ɗansa ya aiko da abin da ya samu, ɗalibai kuma suka yi karo-karo bayan sallar Juma'a, aka damƙa wa Kawu a hannunsa don girmamawa. Ranar da za a je awo ya ce ba ya jin fita. Mako na gaba ma haka. Da maigidana ya matsa, sai ya faɗi gaskiya. Ya aika kuɗin gida gaba ɗaya, wajen Kofur, abokinsa makaho. Ashe ya kwafi lambar lauyan daga takardar da na ajiye, ya haɗa su. Lauyan ba ya karɓar ladansa a gaba, amma kuɗin rahoton likita da na shigar da ƙara da na mota, mai ƙara ne ke biya, Kofur kuwa ba shi da su.

Na shiga ɗakin raina a ɓace. Na ce, "Kawu, kai da ka ce ba za a yanka ƙafarka ba, kai ne ka kai idon wani a yanka?"

Ya ce, "Zauna, Uwata." Na zauna. "Ni ina da ke, ina da yayanki. Ina da abin da zan yi fushi da shi. Shi 'ya'ya mata huɗu gare shi da ɗakin haya. Fushi sai mai hali."

Na ce, "To ƙafar fa?"

Ya ce, "Ta kai ni shekaru, za ta ƙarasa da ni."

Ba'indiyen nan ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ƙara mata soso ya sake maɗauri. Amma gurjewar ta zama gyambo, ga suga, ya ƙi warkewa. Daga nan jikin bai sake komawa daidai ba.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni Kofur ya ci ƙararsa. Likitoci sun ga ɓaraguzan ƙarfe a fuskarsa, abin da haɗarin mota ba ya bari. Lauya ya ɗauki kashinsa, ragowar ta sai wa Kofur ɗan gida mai ɗaki biyu. Ya aiko wa Kawu saƙon murya yana kuka yana sa albarka. Kawu ya kara wayar a kunnen dama ya ji har sau uku. Sannan ya ce, "Uwata, ina takardar nan?"

Muka je Brickfields wajen mai shaida rantsuwa, ya sa hannu. Da ya ajiye biro ya ce, "Allah Ya sa ya ci halaliyarsa." Na danne farin cikina. Ina tsoron in yi murna ya fasa.

Lauyan ya yi aiki, ba zan zalunce shi ba. Ya tono tsohon rahoton, ya haɗa da hukuncin Kofur, tunda mota ɗaya ce, rana ɗaya. Aka karɓi ƙarar. Sai aka ce dole mai ƙara ya bayyana da kansa gaban kwamitin likitoci a gida, su duba shi da idonsu. A lokacin ƙodar Kawu ta riga ta gaza, ana yi masa wankin ƙoda sau uku a mako, zuciyarsa kuma ta yi rauni. Likitansa ya ce in aka sa shi a jirgi, ba lallai ya sauka da rai ba. Lauya ya aika rahoton asibitin nan, ya roƙi a duba shi ta bidiyo. Aka ɗage don a yi shawara. Aka dawo aka sake ɗagewa.

Ranar Litinin da rana, kwana ɗaya kafin ya rasu, ya ce in kira masa lauyan. Na kira, na riƙe masa wayar a kunne, don hannunsa ba ya iya ɗauka.

Ya ce, "Ɗana, na canza shawara. Ka ɗauki duka ukun. Ni layi ɗaya nake so a gyara mini. A goge inda aka ce na saki hanya. Ban saki hanya ba, umarni aka ba ni."

Ina jin numfashin lauyan ta wayar. Can ya ce, "Baba, kashi ɗaya muka yi, kashi ɗaya zan karɓa. Ka dai ƙara mini haƙurin wata biyu."

Kawu ya yi 'yar dariya, har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Wata biyu. To, Allah Ya kai mu."

Shekarun nan duka ina zaton kuɗin yake bi. Ni da ya sa na yi karatun lauya don in fassara masa maganar wasu, ban fahimci tasa ba sai ranar.

Ranar sadakar uku lauyan ya kira ya yi mini ta'aziyya. Ni na tambaye shi inda aka kwana, don na ga yana jin nauyin faɗa. Ya ce kwamiti ba ya duba mamaci. Magada suna iya tayar da maganar, amma sai an fara da takardun gado, a sake shigar da ƙara daga tushe, kuma ba zai ɓoye mini ba, ba tare da shi mai raunin ba, da wuya. Bai nemi komai ba. Na san ya kashe nasa a tafiye-tafiyen nan, bai ko ambata ba.

Na kira matar Kawu a Kano, tana cikin takaba, na yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurara har na gama. Ta ce, "A bar shi haka, 'yar nan. Tun kina sakandare nake jin an ɗage. Na gaji."

Tun daga ranar nake juya abin a raina, ban sami inda zan ajiye shi ba. Da ya sa hannu a Asabar ɗin nan ta shagon shayi, da ƙarfinsa, da ya hau jirgi ya je sun gan shi. Wannan gaskiya ce. Da ni kuma na ajiye karatu zango ɗaya na tafi na tsaya masa da kaina, ko da ba fannina ba ne, da bai ji ana ciniki da jikinsa ba. Wannan ma gaskiya ce. Na ci gardamar da muka yi, ban ga abin da ta tsinana mini ba.

Jiya muka je maƙabarta da maigidana da Pakcik. Wuri ne a gefen tudu, ƙasar ja, ruwan sama ya riga ya kwantar da ita. Kabarin yana tsakanin mutanen da bai taɓa sani ba, da 'yar lamba a kansa. Karatuna saura wata biyar, daga nan izinin zamanmu ya ƙare, mu tattara mu koma gida. Matarsa ba ta taɓa ganin ƙasar nan ba, 'ya'yansa ma haka, kuma ban ga abin da zai kawo su ba.

Da muka gama addu'a maigidana ya roƙi Pakcik, in mun tafi ya riƙa leƙowa, ko ciyawa ce ya cire. Dattijon ya dafa ƙirji ya gyaɗa kai. Na yi masa godiya. Amma da muka juya za mu sauka, sai da maigidana ya riƙe masa hannu, yana tsayawa yana haki bayan kowane taku biyar. Pakcik ya girmi Kawu da shekara shida.

Ya Allah, ga bawanKa nan mun bar maKa shi a baƙuwar ƙasa. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka tashe shi da ƙafafunsa biyu.